Takardar Bankin Ayishetu

Ku da kuka sayi waya mai kyamara shekaranjiya, yau kuma kuna kiran kanku ejan, ina jin hirarku daga bencina. Wai dillancin ɗakuna ba wani aiki ba ne: ka ɗauki hoton ɗaki, ka watsa, mai so ya kira ka, ka karɓi la'ada ka tafi cin nama. To madalla. Ni Sallau, shekara talatin da 'yan kai ina wannan sana'a tsakanin Zango, Moshi Zango, Tafo da Asokore Mampong, kuma har yau ban ga hoton da ya nuna wa mutum cewa rufin ɗaki yana yoyo ba.

Ɗakin farko da maigidana Malam Garba ya aike ni in duba yana Moshi Zango ne, a wani gida mai ɗaki goma sha biyu. Na je, na leƙa, na dawo na ce masa ɗaki lafiya lau, har da sabon fenti. Ya tambaye ni takalma nawa na gani a ƙofar ɗakin da ke kusa da shi. Ban ƙirga ba. Ya tambaye ni bokiti nawa ke layi a bakin banɗaki. Ban duba ba. Ya ce fentin har ƙasa ya kai, ko daga gwiwa zuwa ƙasa ya fi kauri? Ban lura ba. Ya ce in jira a yi ruwa in koma. Da aka yi ruwa na koma, na tarar da matan gidan sun ɗora katifunsu a kan tebur suna kwashe ruwa da kwano. Sabon fentin nan an shafa shi ne don a rufe layin da ambaliya ta bari a bango.

Shekara huɗu na yi a bayan Malam Garba ina riƙe masa lema. Kayan aikinmu ba su da yawa: baƙin allo da alli, inda muke rubuta ɗakunan da ke hannu mu jingina a bakin titi, da tarin makullai da aka ɗaure da tsumma kala-kala saboda shi bai iya karatun boko ba, da takalmin roba, da wata igiya mai ƙulli uku. Ƙullin farko tsawon gado ne, na biyu faɗinsa, na uku faɗin kabad. Mace za ta rantse maka cewa gadonta zai shiga ɗaki, ranar tarewa a ga sai an cire ƙofa. Igiyar nan ta raba ni da faɗa da yawa.

Abin da ya fi ɗaukar ni lokaci kafin in koya shi ne rufe baki. Dillali yana jin abu biyu a kowane ciniki. Mai gida zai ja ka gefe ya gaya maka dalilin da ya sa yake son adibas, wato kuɗin haya na gaba, na shekara biyu a dunƙule: bikin 'ya, ko asibiti, ko yaro zai yi tafiya. Ɗan haya shi ma zai ja ka gefe ya gaya maka iyakar abin da ke aljihunsa. Aikinka ka haɗa su ba tare da ka kai wa wannan maganar wancan ba. Malam Garba ya taɓa barina da yunwa yini guda saboda na ce wa wani mai gida, cikin hira kawai, ai mutumin nan yana da tasi biyu.

Dole ku san irin mutanen da muke yi wa aiki. A Zango ba wanda yake zuwa duba ɗaki da rigarsa mai kyau. Na taɓa raka wani mai shagon kayan mota da ya ajiye motarsa layi uku baya, ya ari silifa a wurin mai wankin mota, ya shiga gidan yana ɗingishi. Masu gidaje kuma sun san wannan, shi ya sa ranar tarewa mai gida yake fito da kujera ya zauna a bakin ƙofa, wai yana shan iska, alhali kaya yake ƙirgawa. Ya ga firiji, ya ga talabijin, ya ga abin guga, duk yana ajiyewa a ka, domin da su za a raba kuɗin wuta, da su kuma zai san yadda zai ƙara haya in adibas ya ƙare. Wata nas da na sama wa ɗaki ta naɗe talabijin ɗinta cikin katifa, maza huɗu suka shiga da ita suna nishi. Mai gidan ya ce bai taɓa ganin katifa mai igiyar wuta ba. Ba rowa ce ke sa mutane haka ba. A wurinmu, in aka san kana da abu, ba ka da bakin cewa babu, kuma masu buƙata na gaske ne, danginka ne, ba za ka iya kallon idonsu ka hana ba.

Haka muke tafiya har aka shigo da yayin takarda. Daga manyan unguwanni abin ya taso: kafin a ba ka ɗaki, kawo katin ɗan ƙasa, kawo takardar albashi, kawo takardar banki. A cikin masu gidajen da nake yi wa aiki, wanda ya fara kama wannan yayi shi ne Alhaji Mumuni, tsohon ɗan kasuwar goro mai gida ɗaki goma sha huɗu a Tafo. Ɗansa da ke Turai ne ya gaya masa a waya cewa can haka ake yi. Washegari Alhaji ya sayi jaka mai makulli da fayil mai launin ruwan toka da tabarau. Karatun Alƙur'ani yana da shi daidai gwargwado, lissafin goro kuma ba mai cutarsa, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba. Duk unguwa an san haka, kuma ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa.

A wannan shekarar ce Ayishetu ta zo bencina. Shinkafa da wake take sayarwa a tashar Tafo, irin wadda ake layi a kanta tun da safe. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, gidan da take haya kuma magada sun sayar, an ba su wata biyu su tashi. Tana son ɗaki da falo kusa da tasha, mai filin da za ta kafa manyan tukwanenta. Gida tara na kai ta. Wannan ba wurin murhu, wancan mai gidan ba ya son hayaƙi, wani kuma rijiyarsa ta kafe. Na goma shi ne na Alhaji Mumuni, kuma ya yi mata daidai, har da rumfa a bayan gida.

Matsalar ita ce adibas. Alhaji yana son na shekara biyu, ita ta ce na shekara ɗaya za ta iya bayarwa. Alhaji ya buɗe jakarsa, ya sa tabarau, ya ce ya yarda, amma sai ya ga takardar banki da katinta, don ya tabbata in shekara ta zagayo ba za a yi rigima ba.

Da muka fito ta tsaya a gindin wata bishiyar mangwaro ta ce, "Baba Sallau, wannan kam sam ba zan iya ba koraa. Mu nemi wani gida."

Na ce, "Ayishetu, gida goma ke nan. Gwiwata ta gama aiki. Ko ba ki da komai a bankin ne?"

Ta duba hagu, ta duba dama, sannan ta gaya mini. Shekara goma sha ɗaya tana tari. Ta fara da mai susu, wanda yake zagawa kullum yana karɓar abin da mutum ya ajiye, daga baya ta koma banki. Akwai wani rabin fuloti can bayan Asokore Mampong, ta yi magana da dangin da ke da shi, sun tsayar da farashi da baki, saura wata huɗu ta cika kuɗin. Shi ya sa ba ta son taɓa su ta biya shekara biyu.

"Ba wanda ya sani," in ji ta. "Ko yayyena. Idan suka ji, Baba, ya ƙare. Ba mugaye ba ne, amma kowa da matsalarsa, kuma ni ba na iya ce musu a'a."

Na ce mata ni da Alhaji kaɗai za mu gani, zai duba ya mayar mata a take. Na dafa ƙirjina na ce ta ɗora a wuyana. Gaskiyar magana, na gaji da yawo, kuma ina hango la'adata.

Ta kawo takardar ranar Litinin, haɗe da kwafin katinta, a ninke cikin baƙar leda, ledar kuma a ƙulle a bakin zaninta. Muka zauna a zauren Alhaji mu uku. Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya dube ta tsawon lokaci yana gyaɗa kai. Ya juya bayanta, inda ba a rubuta komai ba, ya dube shi tsawon lokaci shi ma. Sannan ya ce, "To. A bar ta ta kwana a wurina, zan yi nazari."

A nan ne na yi kuskuren da ya fi kowane girma a aikina. Na san bai karanta komai ba. Ni ina da ɗan boko, da na miƙa hannu na karanta masa lamba ɗaya, da an gama a wurin. Amma yaya zan nuna wa mace, 'yar haya, cewa Alhaji mai gida, wanda ya girme ni da shekara goma sha biyar, bai iya karatu ba, a cikin zaurensa, da tabarau a fuskarsa? Kunya ta hana ni. Ayishetu ta dube ni, na yi mata alama da ido cewa ba komai. Na rufa wa Alhaji asirin da duk Tafo ta sani, na bar nata a hannunsa muka fita.

Abin da ya faru bayan la'asar, mahaucin da take sayen nama a wurinsa ne ya ba ni labari daga baya. Akwai benci a ƙofar masallacin unguwar inda dattawa ke zama, kuma duk mai takardar da ta fi ƙarfinsa nan yake kai ta, saboda Masta Abdulai. Masta tsohon malamin firamare ne, ya yi shekara arba'in yana magana da aji mai yara saba'in, kunnensa kuma ya yi nauyi, don haka ba shi da ƙaramar murya. Alhaji ya miƙa masa takardar ya ce ya duba masa a hankali. Masta ya miƙe tsaye, saboda bai saba karatu a zaune ba, ya fara daga sunanta da lambar wayarta.

Bai tsallake layi ko ɗaya ba. Ranar kaza ta zuba kaza. Ranar kaza ta cire kaza. Wani tela da ke bencin ya ce ai wannan makon ne aka yi sunan 'yar ƙanwarta, ashe tana da shi ta kai turmi ɗaya kacal. Da Masta ya iso ƙasan takardar ya karanta sidi dubu talatin da takwas, sai wani tsoho ya ce shi bai gane wannan sabon lissafi ba, a faɗa masa da tsohon kuɗi. Kun san dattawanmu, tun da aka yanke wa sidi sifili huɗu ba su yarda sun bi ba. Masta ya rufe ido ya yi lissafi ya ce miliyan ɗari uku da tamanin. Mai shayi ya ajiye butarsa. Mahauci ya ce shi dai abin da ya ba shi haushi, matar nan kullum sai ta yi masa kukan nama ya yi tsada.

Washegari Alhaji ya kira ni da fara'a. Ya mayar da takardar, ya ce ɗaki nata ne, har ya sa an yi masa fenti da kuɗinsa. Na karɓi la'adata na sayi sabon takalmi, ina yaba wa kaina. Ban san ya riga ya biya ta shagon hoton takardu ba.

Ranar tarewa Alhaji ya fito da kujerarsa kamar kullum. Kayan Ayishetu tukwane ne, da katifa biyu, da akwatin ƙarfe, da tsohuwar rediyo. Alhaji ya duba ya duba, ya kira ni ya ce, "Malam Sallau, matar nan ta iya ɓoye kaya sosai paa. Ko firiji ban gani ba." Da aka zo rabon kuɗin wuta ya sa mata kason mai firiji da talabijin, ya ce ko ba ta shigo da su ba tukuna, tana da halin shigowa da su. Da masai ya cika, ya raba kuɗin kwashewa biyu, rabi a kanta, rabi a kan sauran ɗaki goma sha uku.

Sai Juma'ar da aka yi neman taimakon gyaran masallaci. Ana kiran sunaye a lasifika, wane buhun siminti biyu, wane buhu ɗaya, sai aka ji: Hajiya Ayishetu mai wake, buhu ashirin, ta bakin mai gidanta Alhaji Mumuni. Aka yi kabbara. Ita tana tasha tana zuba wa mutane abinci, ba ta san ta yi kyauta ba, ba ta kuma san ta zama Hajiya ba, sai da masu fitowa daga masallaci suka yi layi suna sa mata albarka.

Daga nan manema suka fara zuwa. Shekara shida tana zawarci ba wanda ya tambayi ko tana shan ruwa, cikin mako biyu aka samu uku. Na farko ɗan ƙanin Alhaji ne, wanda Alhaji ya ba lambar wayarta da kwafin katinta, ya ce ya san ranar haihuwarta don ya kai mata kyauta. Na biyu wani direba ne. Na uku Masta Abdulai da kansa, da sabuwar hula, yana zuwa kowace safiya ya sayi wake da ƙwai biyu, ya tsaya yana yi mata bayanin amfanin auren mai ilimi da muryar da ake ji har inda motocin Mampong ke lodi. Mahauci ya ƙara mata kuɗin nama. Matan da ke taya ta aiki suka ce a ƙara musu. Masu cin abinci suka fara cewa, "Hajiya, ƙara mana miya, ke da Allah ya buɗa wa."

Duk wannan da dariya a ciki, ni ma na yi dariyar wasu kafin in san daga ina abin ya taso. Wanda ba dariya shi ne zuwan yayyenta. Babban ya zo da takardar asibitin matarsa, kuma da gaske matar ba ta da lafiya. Na biyun ya zo da maganar kuɗin makarantar ɗansa. Wata gwaggo ta taso tun daga arewa da jakarta, ta ce ta zo ganin ɗaki. Ba wanda ya roƙe ta da ƙarfi. Zama kawai suke yi su faɗi damuwarsu, su yi shiru, su dube ta. Ta ba wannan, ta ba wancan. Sannan labari ya isa wurin masu fuloti, da tsohon lissafi, suka aiko cewa farashin da aka yi da baki na bara ne.

Ranar da Ayishetu ta dawo bencina ina cikin rubuta ɗakuna a allo. Ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi iyali, ta zauna a ƙarshen benci.

"Baba Sallau, ka ce kai da Alhaji kaɗai."

Na ce haka na ce.

"To mahauci ya gaya mini abin da na cire ranar bakwai ga wata. Ni kaina na manta, shi ya tuna mini."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, allin da ke hannuna ma na rasa inda zan ajiye shi. Na ce ta ba ni kwana uku.

Na sami Alhaji a zaurensa yana cin goro. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa, na ce, "Alhaji, takardar matar nan amana ce na kawo maka."

Ya ce, "Na mayar mata ai. Ko ta yage?"

"Ba ta yage ba, Alhaji. Amma duk Tafo ta san abin da ke ciki."

"To sai me? Kuɗi ne fa, Malam Sallau, ba cuta ba. Da wa ya san ta? Yanzu ana ce mata Hajiya ba ta taka jirgi ba. Maza uku suna nema. Ni na ɗaga ta, ko godiya ba ta zo ta yi mini ba."

Na ce, "Siminti fa? Ita ta ce ka yi alkawari da sunanta?"

"Lada na nema mata. In na bar ta, ba za ta bayar ba."

Na ga in na bi ta wannan hanya za mu kai magariba, sai na ce ya ba ni kwafin da ya yi. Ya buɗe jaka ya ba ni ɗaya. Na tambaya ko shi ke nan. Ya ce a'a, biyar ya yi, saboda mai shagon ta ce in an yi biyar akwai ragi. Ɗaya yana wurin ɗan ƙaninsa, wanda ya kai shi wurin masu sayar da keke mai ƙafa uku a matsayin shaidar cewa yana da mai tsaya masa. Ɗaya yana wurin kwamitin masallaci. Ɗaya Masta ya roƙa, wai don ya sake duba lissafin. Na biyar Alhaji ya manta inda ya sa shi.

Kwana uku na yi ina bin takardun nan gida-gida. Masu keke sun ba ni nasu bayan na rantse musu matar ba ta san da maganar ba, suka kuma fasa ba yaron keken. Masta ya ciro nasa daga cikin ƙamus, ya ba ni yana cewa an ɓata masa shiri. Kwamitin masallaci ma suka ba ni nasu. Na biyar a ƙarƙashin dardumar sallar Alhaji aka same shi. Har shagon hoton takardu na je, mai shagon ta ce akwai guda da bai fito da kyau ba, ta ba mai gyaɗa ta ƙofar shago. Na sayi ƙullin gyaɗa goma sha ɗaya kafin in same shi.

Na kai wa Ayishetu su duka a bayan gida, tana tsaye a kan tukunya. Ta karɓa, ta ƙirga, ta tura su cikin murhu ɗaya bayan ɗaya. Da suka cinye ta ce, "Yoo, Baba, na gode. Na cikin kawunansu fa, yaushe za ka karɓo?"

Na kai maganar gaban dattawan unguwa, abin da ban taɓa yi wa mai gida ba. Suka saurara, suka yanke cewa Alhaji ya mayar mata da sauran adibas ɗinta in tana son tashi, siminti kuma tun da bakinsa ne ya yi alkawari, aljihunsa ne zai cika. Alhaji ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Ya sayi buhu ashirin ɗin, amma ya sa sharaɗi a faɗi sunansa a lasifika Juma'a uku a jere, aka kuwa faɗa. Fulotin dai an sayar wa wani mai shagon tayal kafin wata ya ƙare. Abin da ya rage mata bayan dangi bai kai ko rabin sabon farashin ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani a sana'a, ta fi shekarar ambaliya. Matan kasuwa su ne rabin masu nemana, kuma matan kasuwa ba sa yi maka faɗa. Za su gaishe ka, su tambayi gwiwarka, su wuce wurin wani dillali. Suka sa mini suna Baba Rediyo, ni da ban furta lamba ko ɗaya ba. Na so in yi musu, sai na ga ba ni da abin faɗa, domin ni na ce ta kawo, ni na ce ta bari. Wata bakwai ban sa mutum a ɗaki ba. Ina rubuta ɗakuna a allo da safe, ruwa ya wanke, in sake rubuta su ɗin dai washegari. Na sayar da babur ɗina na koma hawa trotro, motar haya ta kowa da kowa. Ko waken da nake saya a wurin wasu matan, da ƙaramin cokali ake zuba mini.

Abin da ya dawo da ni a hankali shi ne na canza yadda nake aiki, kuma shi nake so ku ji. Ba na karɓar takardar bankin kowa. Mai gidan da ya nace, ina kawo ɗan hayar da takardarsa a hannunsa, a ninke, layi ɗaya kawai a waje. In na san mai gidan ba ya karatu, ba na jira ya sa tabarau. Ina cewa, "Alhaji, rubutun bankin nan ƙanana ne, bari in duba maka," in ce masa ya isa ko bai isa ba, mai takarda ya mayar da abinsa aljihu. Girmansa bai zube ba, takarda kuma ba ta kwana ba. Ku kuwa ina ganin yadda kuke yi. Mutum ya turo muku katinsa da takardar albashinsa ta waya, ku bar su a tsakanin hotunan biki, ku tura wa mai gida, mai gida ya tura wa ɗansa, ku miƙa wa aboki wayar ya kalli ƙwallo. Alhaji Mumuni da jakarsa, kwafi biyar kawai ya iya yi.

Ayishetu ta tashi daga gidan kafin shekara ta cika. Ba ta hannuna ta sami wani ɗakin ba, ban kuma ji ta hannun wa ba. Ta bar tashar Tafo ma, aka ce ta koma sayarwa wani wuri. Sai bayan shekara uku na gan ta, a cikin trotro mai zuwa Asokore Mampong. Ita ta fara ganina. Ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi gwiwa, ta ce babbar 'yarta ta gama makarantar ɗinki. Da kwandasta ya zo, ta biya mini kuɗin mota kafin in sa hannu a aljihu. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina ashe ta huce.

Sai bakin dillali ya motsa. Na ce, "Yanzu ina kike zaune?"

Ta yi murmushi ta ce, "Muna nan cikin gari, Baba."

"Wace unguwa?"

"Alhamdu lillahi, ɗakin ba ya yoyo."

Ta ce wa kwandasta za ta sauka a mararraba. Ta sauka da kwandonta, ta ɗaga mini hannu. Hanya huɗu ce ta rabu a wurin. Mota ta tashi, na juya ina dubawa ta gilashin baya. Tana nan tsaye da kwando a ka, ba ta bi ko ɗaya ba, tana jira mu sha kwana.